Baka Mai Rufin Jijiya: Lissafin Jari Da Riba Ga Masu Sana'ar Hannu A Keffi

KEFFI — A duk lokacin da aka yanka sa a mahauta, akwai wani sashe na jikinsa da ba a yi masa ciniki shi kaɗai, wato jijiya. Agara takan bi ƙafar san zuwa tukunyar farfesu, doguwar jijiyar gadon baya kuwa ko dai mahauci ya sare ta haɗe da nama, ko ya fizge ta ya yar. Amma a ƙasashe irin su Turkiyya da Koriya ta Kudu da Mongoliya da Amurka, busasshiyar jijiya haja ce da ake nema da kuɗi, domin da ita ake rufe bayan baka irin na gargajiya, wanda yake cikin mafiya tsada a kasuwar maharba.

Wannan ne ya kawo tambayar da ta shafi masu neman inda za su zuba ɗan ƙaramin jari: shin masassaƙin da ke zaune a unguwa irin Tudun Ƙofa a cikin garin Keffi, ga mahauta kusa da shi, ga daji bai yi masa nisa ba, ga kuma Abuja a tafiyar kilomita 50 ko sama da haka kaɗan, zai iya mai da wannan jijiya kuɗi? Amsar ita ce zai iya, amma ba ta hanyar da mai gaggawa zai zata ba. A wannan sana'a kayan aiki ba su ne jari ba. Jarin shi ne lokaci, babban abokin gaba kuma damina.

Bakan da aka gada

Ya kamata a fara da gaskiyar tarihi. Rufe baka da jijiya ba al'adar ƙasar Hausa ba ce. Bakan da aka gada a nan itace ne guda ɗaya tal, daga itatuwa masu tauri da juriyar lanƙwasa irin su dargaza da ɗunɗu, a sassaƙe shi, a shafa masa mai, a ɗaura masa tsarkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Jijiya tana da nata aikin, amma a wajen kibiya: da ita ake naɗe bakin kyauro inda aka cusa ƙarfe don kada ya tsage.

Ba rashin fasaha ne ya sa aka tsaya a nan ba, lissafi ne. Da fari dai, 'yan baka a rundunonin ƙasar Hausa dakaru ne masu tafiya a ƙasa, barade kuwa mashi da takobi suke riƙewa, saboda haka ba a bukaci gajeren bakan da za a harba daga kan doki ba. Na biyu, dafin kwankwani da ake shafa wa kibiya shi ne yake yin kisa, ba ƙarfin harbi ba. Kibiyar da ta ƙarci fata ta gama aikinta. Wanda dafi ya isar masa, me zai kai shi kashe wata shida a kan baka guda?

Kuma wannan baka mai sauƙi ya taka rawa a tarihi. A yaƙin Tafkin Kwatto na shekarar 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne suka karya dawakin Gobir. Ita kanta Keffi, wadda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau, gari ne na bakin iyaka da ya rayu da yaƙi. A nan ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba 1902, ya nufi Kano, abin da Turawan Ingila suka riƙe a matsayin ɗaya daga cikin hujjojinsu na auka wa Kano a watan Fabrairu 1903. Daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Burmi, a cikin wannan shekarar aka tabbatar cewa kwari da baka ba za su tsaya gaban bindiga mai ruwa ba. Tun daga lokacin baka ya koma hannun mafarauta da makiyaya, sarautar Sarkin Baka kuma ta zama ta shugabancin maharba.

Shi kuwa baka mai rufin jijiya, asalinsa busassun ƙasashe ne. An samu irinsa, haɗe da ƙaho, a kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka buɗe a Masar a shekarar 1922. Da shi mahayan Asiya ta Tsakiya suka ci ƙasashe, da shi kuma Sarkin Daular Usmaniyya Salim na Uku ya yi harbin da ya kai kimanin mita 889 a shekarar 1798. A yammacin Amurka, mutanen ƙasar na asali suna yin nasu da itace da jijiyar barewa kawai, ba tare da ƙaho ba. Wannan nau'i na biyu shi ne ya fi kusa da abin da masassaƙin Keffi zai iya, domin bai bukatar komai da babu shi a garin.

Yadda ake yin sa

Dalilin rufin yana da sauƙin fahimta. Idan aka ja baka, ɓangaren da ke fuskantar abin harbi, wato bayansa, miƙewa yake yi, cikinsa kuma da ke fuskantar maharbi yana matsewa. Itace yana jure matsi, amma ba ya jure miƙewa sosai, shi ya sa baka yakan fara tsagewa ta baya. Jijiya kuwa tana miƙewa ninki huɗu ko biyar na abin da itace zai iya, ta kuma koma yadda take. Idan aka manna ta a bayan baka sai ta ɗauke wa itacen wannan nauyi. Bugu da ƙari, tana tsukewa yayin da take bushewa, sai ta janyo bakan ya lanƙwashe ta baya, ya zama tun kafin a ɗaura masa tsarkiya yana ɗauke da ƙarfi a ajiye. Sakamakon haka, gajeren baka wanda bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba zai iya jan da sai dogo ne zai iya idan itace ne zalla.

Aikin yana farawa daga daji. Ana sare miƙaƙƙen reshe ko ɗan itace marar gaɓa, a toshe bakunansa biyu da kakin zuma ko danƙo don kada ya tsattsage, a jingine shi a inuwa. Itacen da aka bari da kaurinsa yakan ɗauki kusan shekara kafin ya bushe. Idan an rage shi da gizago tun yana ɗanye, watanni kaɗan sun isa. Bayan nan sai sassaƙa, da wuƙa da magagari, ana kankare cikin bakan kaɗan-kaɗan, ana lanƙwasa shi ana dubawa har hannuwansa biyu su riƙa tanƙwara daidai wa daida. A nan gwaninta take. Wurin da aka kankare fiye da kima, nan bakan zai karye.

Ita jijiyar, tun a mahauta ake fara ceto ta. Dole a zare ta da tsawonta kafin wuƙa ta daddatsa ta, a kankare kitse da nama, a shanya ta har ta yi tauri ta zama kamar ƙaho. Sannan a ɗora ta kan gungume a yi ta bugu da guduma har ta fashe ta yi fari, a yayyage ta da hannu sili-sili kamar zaren rama, a tsefe ta, a kasa ta ƙulli-ƙulli gwargwadon tsawo. Baka guda yakan ci agarar shanu da dama, kuma wannan yayyagar ita ce ta fi cin lokaci da gajiyar da yatsu a dukan aikin.

Gam ɗin da ake mannawa da shi daga jikin dabbar yake fitowa. Ana jiƙa guntayen ɗanyar fata da ragowar jijiya, a ɗora a wuta marar ƙarfi na sa'o'i masu yawa. Zafin da ake so bai wuce digiri 60 zuwa 70 ba. Idan ya tafasa ƙarfinsa ya ragu. A Koriya da Turkiyya sun fi daraja gam ɗin da ake yi da jakar iskar cikin kifi, amma na fata ma yana aiki.

Ranar rufi, ana wanke bayan bakan da ruwan toka ko sabulu har maiƙo ya fita sarai. Wannan wuri ne da masassaƙin da ya saba shafa wa baka man shanu ko man kaɗanya zai yi hattara, domin gam ba ya kama itace mai maiƙo, ko da na tafin hannu ne. Sai a karce itacen da haƙoran zarto, a shafa masa gam tsararo ya sha. Daga nan a riƙa ɗaukar ƙullin jijiya da aka jiƙa, a tsoma a gam mai ɗumi, a matse, a shimfiɗa a tsawon bakan, ana saɓa gaɓoɓin kamar yadda magini ke saɓa tubali, don kada mahaɗa biyu su faɗo wuri guda. Idan an gama shimfiɗa ta farko sai a jira mako biyu ko fiye, a yi ta biyu, a sake jira, wani lokaci har ta uku. Bayan ta ƙarshe bakan zai zauna wata biyu zuwa shida kafin a fara jan sa a sake daidaita shi. Bakan Turkawa mai ƙaho yakan wuce shekara.

Inda kuɗin yake kwana

Idan aka dubi wannan tsari da idon ɗan kasuwa, za a ga cewa kuɗin kayan sarrafawa ba su taka kara sun karya ba. Amma fa ba kyauta ba ne kamar yadda ake zato, domin jijiya da fata duk suna da mai saye, wato tukunya. Ƙafar sa da aka zare wa agara ta rage daraja a wajen mai farfesu, kuma mahauci zai ƙara wannan a kan farashi. Fata kuwa, cin ganda ya daɗe yana takara da majema, har ta kai a shekarar 2022 shugabannin Cibiyar Binciken Fata da ke Samaru, Zariya, suka nemi a yi dokar hana cin ta. Duk da haka, gam ba ya bukatar fata sukutum. Guntayen da majema da dukawa ke zubarwa kafin jima sun wadatar.

Babban kuɗin yana cikin ƙwadago da jira. A watan Yuli 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a wata, wato kimanin Naira 2,700 a kowace ranar aiki idan aka raba da kwana 26. Alal misali, a ce baka guda ya ci cikakkun ranakun aiki 10 tsakanin sassaƙa da yayyaga da rufi da daidaitawa: ladan hannu kaɗai ya kai Naira 27,000, kuma wannan ladan lebura ne, ba na gwani ba. Ba a sa kuɗin kaya ba, ba a sa bakunan da za su karye a wajen gwaji ba, alhali a hannun sabon shiga ba kaɗan ne za su karye ba.

Sai kuma jiran. Kuɗin da aka kashe a watan Nuwamba ba zai dawo ba sai Afrilu ko bayan haka. A watan Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 a ƙarshen shekarar. A irin wannan yanayi, hajar da ke kwana wata shida a kan rataya tana cin jarin mai ita a ɓoye. Wanda ya ci bashin banki don wannan sana'a ya kama hanyar yi wa banki aiki. Adashi ko ƙungiyar gama-kai ko jarin ɗan'uwa mai haƙuri sun fi dacewa da ita.

Abin da zai rage wannan nauyi shi ne yawa. Wata shidan da baka guda zai yi yana bushewa, shi ne dai baka 20 za su yi. Saboda haka ba sana'ar mutum ɗaya ba ce mai yin ɗaya ya sayar ya sake wani. Aiki ne na rabo: mahauci ya tara jijiya, mata a cikin gida su yayyage ta a biya su bisa awo kamar yadda ake biyan ɓarzar gyaɗa, masassaƙi ya tsaya kan itace da rufi, maƙeri ya yi kan kibiya, baduku ya yi kwari. Tsohon gari irin Keffi ya saba da wannan rabon aiki tun kafin a san kalmar masana'anta.

Damina

Gam ɗin fata da jijiya duk suna shan laima daga iska. Baka mai rufi da ya kwana a ɗaki mai danshi zai yi sanyi ya rage ƙarfi. Wanda ruwan sama ya daka sosai rufinsa na iya ɗagowa. Keffi kuwa ba Agadas ba ce. Ruwa yakan sauka daga Afrilu ya kai Oktoba, wato fiye da rabin shekara. Ga ɓeraye da kyankyasai da karnuka, waɗanda a wurinsu gam da jijiya abinci ne.

Wannan ba ya nufin abin ba zai yiwu ba. Koriya ma tana da damina mai laima, kuma maharbanta suna ajiye bakunansu a cikin akwati mai ɗumi don su kore danshi. A wasu ƙasashen ana lulluɓe rufin da ɓawon itace ko fatar maciji. A nan ne ƙasar Hausa take da abin da wasu ba su da shi: jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, mai laushi da ƙarfi, wadda ta ratsa Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Siririyar fatar akuya da aka manna a kan jijiya aka shafe da kaki tana kare ta, tana kuma ba baduku filin zane. Ta fi fatar maciji ko ta fuskar doka, domin fatun namun daji da yawa suna ƙarƙashin dokar kare dabbobi ta 1985 da yarjejeniyar CITES.

Wa zai saya?

Kasuwar gida tana nan, ba ta mutu ba. Taɓarɓarewar tsaro ta ƙara wa mafarauta da 'yan banga muhimmanci. An ga haka a watan Nuwamba 2014, lokacin da maharba suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Sai dai wannan mai saye abu biyu yake so, araha da juriyar ruwa, kuma bakan itace zalla ya fi mai rufi a duka biyun. Mafaraucin da ke kwana a daji cikin raɓa ba zai biya ninki biyar don bakan da ke tsoron ruwa ba, musamman ma da yake idan kuɗinsa sun kai, bindigar toka zai nufa. Duk wanda ya gina lissafinsa a kan wannan kasuwa zai kwana da hajarsa.

Kasuwar waje ita ce mai kuɗin, kuma tana da tarihi mai ban sha'awa. A shekarar 1911 wani mutum da aka sa wa suna Ishi, wanda ya rage shi kaɗai daga ƙabilarsa ta Yahi, ya fito daga dajin Kalifoniya. Likitansa, Saxton Pope, ya koyi yin baka mai rufin jijiya a wurinsa, kuma rubuce-rubucen Pope na cikin abubuwan da suka farfaɗo da farauta da baka a Amurka. Daga shekarun 1950 zaren gilashi ya maye gurbin jijiya a masana'antu, a 1969 kuma aka ba Holless Allen rajistar mallakar fasahar baka mai 'yan tayoyi. Maimakon wannan ya kashe na gargajiya, sai ya mai da shi kayan ƙawa da alfahari da masu hali ke nema. An fara Wasannin Makiyaya na Duniya a Kirgistan a 2014, aka yi a Turkiyya a 2022 da Kazakistan a 2024, kuma harbin baka na cikin manyan wasanninsu. A 2019 hukumar UNESCO ta sa harbin gargajiya na Turkiyya a jerin al'adun da duniya ta gada. A Indonesiya da Malesiya kuwa, kasancewar harbi abu ne da sunna ta kwaɗaitar ya sa makarantu da ƙungiyoyi da dama sun rungume shi.

Tun da aka saki Naira a watan Yuni 2023, Dala ta tashi daga kusan Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, don haka ladan hannun ɗan Nijeriya ya yi araha ƙwarai a idon mai saye na waje. Har ila yau gajeren baka ya fi dogo sauƙin kuɗin jirgi. Amma akwai shingaye. Galibin masu saye a waccan kasuwa bakan zaren gilashi mai siffar gargajiya suke saye, wanda Sin da Hungari ke fitarwa da araha. 'Yan kaɗan masu biyan kuɗin jijiya ta gaske kuwa sunan gwani suke saye, kuma suna ba ya samuwa a shekara guda. Sannan jijiya da gam da fata kayan dabba ne, ƙasashen Turai da Amurka kuma suna tsaurara shigar irin waɗannan daga ƙasashen da ke da cutar baki da kofato, Nijeriya na cikinsu. Dole mai fitarwa ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, ya nemi takardar shaidar lafiyar kaya daga hukumar killace kayan gona, ya kuma binciki dokar ƙasar da zai aika tun kafin ya karɓi kuɗin kowa. Ta fuskar itace ma a nisanci maɗobiya, wadda aka sa a jerin CITES a 2017 bayan sarar da aka yi mata zuwa Sin.

Akwai kuma batun amana. Masu sayen irin wannan kaya sun san tarihin baka ƙasa-ƙasa. Wanda ya tallata baka mai rufin jijiya da sunan tsohon bakan Hausawa za a gane shi nan take, kuma sunansa ya ɓaci ke nan. Abin da Keffi za ta sayar da babu shi a Sin ko Hungari shi ne na gidan: bakan itace zalla, da kwari mai aikin dukanci, da kibau na kyauro, a haɗe, ba tare da ɗigon dafi ba. Mai rufin kuma a sayar da shi da sunansa na gaskiya, sabon aiki da itace da jijiya da fatar ƙasar nan.

Tsakanin kasuwar daji da ta ƙetare akwai ta uku wadda ta fi kusa, ba ta kuma bukatar takardar fita: ma'aikatan jakadanci da baƙi da otal-otal na Abuja, fadojin sarakuna da masu shirya hawan Sallah, musamman bayan da UNESCO ta amince da hawan daba na Kano a watan Disamba 2024, da masu shirya finafinan tarihi, da makarantun da ke son koya wa yara harbi. A nan ya kamata a gwada farashi da inganci. Ko da ribar farko ba ta da yawa, harbi a wutsiya ya fi kuskure. Sai dai duk mai ɗaukar damin bakuna a mota daga Keffi zuwa Mararraba, a jihar da ta sha fama da rikicin manoma da makiyaya, ya riƙe takardar rajistar sana'arsa da rasit, ya kuma sanar da 'yan sanda da shugabannin maharba tun da wuri.

Ga wanda ya yi niyya, yanayin garin ya riga ya tsara masa jadawali. Itacen da za a rufe a hunturu, tun hunturun bara ya kamata a sare shi. Jijiya a tara ta a rani a adana a rufaffen mazubi, Babbar Sallah ma lokaci ne na samun ta da yawa, sai dai idan ta faɗo cikin damina dole a busar da ita kusa da murhu. Shimfiɗar farko a yi ta a Nuwamba da zarar iskar hunturu ta kankama, a cikin ɗaki ba a fili ba, domin bushewar gaggawa tana tsaga gam. Ta ƙarshe kada ta wuce tsakiyar Janairu, a daidaita a Maris, a lulluɓe da fata kafin ruwan farko na Afrilu.